Ƙaura da lambar waya zuwa wani kamfani: Ina ribar ɗan kasuwar kan iyaka?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Illela ranar Lahadi, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya san irin Alhajin da muke nufi. Yana zaune bisa benci a bakin rumfa, wayoyi uku a hannu an ɗaure su da roba. Wannan ta Najeriya ce, waccan ta Nijar, ta ukun kuwa tsohuwa ce tukuf, madannanta duk sun goge, ba ya kiran kowa da ita, amma ba ya yarda ta yi nisa da aljihunsa. In ka tambaye shi dalili sai ya ce maka lambar da ke cikinta ita kowa ya sani. Ita ce a rubuce a ƙofar shago, ita ce a jikin mota, ita ke hannun dillalinsa na Dawanau, da direban da ke ɗauko masa albasa daga Galmi, da mutuminsa na Kumasi wanda suka shekara 15 suna hulɗa amma ba su ga juna ba sai sau biyu.

Abin da ke damun Alhaji shi ne kamfanin da ya ba shi wannan lamba ya daina yi masa aiki yadda ya kamata a garinsu. Sabis, ko rezo kamar yadda ake faɗa a tsallaken iyaka, sai ya hau tudu ko ya fita bayan tasha kafin ya samu. Ana tsakiyar ciniki magana ta yanke, kafin ya sake samun mutumin wani ya riga shi ɗaukar kayan. Ya san akwai kamfanin da ya fi ƙarfi a wurin, har ma ya sayi layinsa, to amma wa ya san sabuwar lambar? Saboda haka yake ta fama da tsohuwar, yana biyan kuɗi yana haƙuri.

Binciken da muka yi a 'yan kwanakin nan ya nuna mana cewa da yawa daga cikin 'yan uwanmu 'yan kasuwa ba su san cewa an fi shekara 10 da samar da maganin wannan matsala a wasu ƙasashen da muke shiga ba. Mutum na iya ɗaukar lambarsa cak, ya bar kamfanin da ya gaji da shi ya koma wani, ba tare da ko sifili ɗaya ya canza ba. Wasu kuma sun ji labarin, amma sun ɗora masa burin da ba zai iya cikawa ba, suna zaton har iyaka za a iya tsallakewa da lambar. Dukkan ɓangarorin biyu na yin asara, shi ya sa muka ga ya dace mu baje maganar a faifai.

Yadda aka ɗaure mu da lamba

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2001 ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, lokacin da layi kaɗai, ba tare da kan waya ba, yakan kai Naira dubu 20 ko fiye. Kowane kamfani aka yanka masa nasa farkon lamba: 0803 na MTN, 0802 na Econet, da Glo ya zo a 2003 ya karɓi 0805, daga baya Etisalat ya shigo da 0809. A Gana ma haka, 024 da 020 da 027 kowacce da gidanta. Da ka ji farkon lamba ka san kamfanin, ka kuma san nawa kiran zai ci maka, domin a wancan zamani kiran wani kamfani ya fi kiran na gida tsada nesa ba kusa ba.

Abin dariyar shi ne kamfanonin su sun yi ta ƙaura a kanmu, mu ne aka hana motsi. Mai lambar 0802 ya kwanta a Econet, ya tashi a Vmobile a 2004, ya koma Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010, duk yana zaune a rumfarsa. Mutanen Nijar ma sun bi wannan layi na Celtel zuwa Zain zuwa Airtel, kuma masu Orange sun wayi gari a Zamani bayan da kamfanin Faransa ya sayar da hannun jarinsa a 2019. A Gana Vodafone ya zama Telecel a 2024. Etisalat na Najeriya ya zama 9mobile a 2017, a 2025 kuma ya sake suna zuwa T2. Masu gida na canzawa, fentin shago na canzawa, ɗan haya kuwa ba shi da ikon tashi sai in ya yarda ya bar adireshinsa a baya.

Wannan ne ya sa hukumomin sadarwa na ƙasashe suka shigo da tsarin ƙaura da lamba. Singafo ce ta fara a 1997, Ingila da Hong Kong suka biyo a 1999. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ta fara a 2006, Kenya da Gana a 2011, Najeriya a ranar 22 ga Afrilun 2013, Senegal a 2015, Kamaru kuma a 2017. Waɗanda ke kallon talabijin ɗin Najeriya a 2013 za su tuna tallar da ta tayar da ƙura, wadda aka ga ɗan wasan barkwancin nan Saka, wanda aka saba gani a tallar Etisalat, ya fito yana rawa cikin rawayar rigar MTN. Tallar ta yi suna fiye da tsarin kansa, don kowa ya yi dariya amma kaɗan ne suka tambayi yadda ake yi.

Ga wanda ke son fahimtar yadda abin ke aiki, ya tuna da fatoma a zamanin fataucin goro. Baƙo in ya sauka gari yana neman wane, ba ya bin gida-gida, wurin fatoma yake zuwa, shi ya san inda kowane falke ya sauka da inda ya koma. To haka aka kafa wata babbar ma'ajiya ta kwamfuta a tsakiya, wadda ba ta kowane kamfani ba ce, tana riƙe da sunan gidan da kowace lamba take a yanzu. Duk kiran da aka buga sai an leƙa wannan ma'ajiya cikin ƙiftawar ido, a ga lambar tana gidanta na asali ko ta tashi, sannan a miƙa kiran inda take. Mai kira ba ya jin komai, ba ya kuma ƙara danna komai.

Yadda ake yi

A Najeriya ba a zuwa wurin kamfanin da za a bari, ba a kuma neman izininsa. Ofishin kamfanin da ake son komawa ake zuwa, da wayar a hannu, layin yana aiki, da shaidar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN wadda aka yi rajistar layin da ita. Za a cike takarda, a ɗauki hoto da zanen yatsa, sannan a umurci mutum ya aika kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin. Wannan saƙo kyauta ne, shi ne kuma shaidar cewa mai lambar ne da kansa ke neman tashi. Sai a ba shi sabon katin sim ya riƙe. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ita ce a kammala cikin awa 48, amma galibi ba ya kai haka. Da tsohon layin ya ɗauke, sai a cire shi a sa sabon, lambar nan dai ita ce. Ba a biyan ko kwabo, kuma dokar ta hana tsohon kamfanin ya riƙa kiran mutum yana lallashinsa ya fasa alhali ana cikin aikin. Wanda aka yi wa wasa da hankali yana iya kai ƙara ga hukumar ta lambar 622, ita ma kyauta.

Sai dai a sani, wanda ya tashi ba zai sake tashi nan take ba. Da farko kwana 90 aka ɗora, daga baya aka rage zuwa 45. Wato in ka koma sabon gida ka tarar rufinsa na yoyo, sai ka yi wata ɗaya da rabi kana tara kwano. Ga ɗan kasuwar da ya yi wannan kuskure ana gab da kakar albasa ko hada-hadar ragunan Layya, kwana 45 ba ƙaramin abu ba ne.

A Gana, inda tsarin ya fara aiki ranar 7 ga Yulin 2011 ƙarƙashin hukumar NCA, hanyar kusan ɗaya ce: a je wurin wakilin sabon kamfani da katin shaidar ɗan ƙasa, a aika saƙon zuwa 600, a jira. Gana ta yi suna wajen sauri, domin sau da yawa kafin mutum ya bar gaban teburin wakilin an gama. Zaman jiran sake tashi a can kwana 30 ne. 'Yan uwanmu na Kamaru masu zirga-zirga tsakanin Garwa da Mubi, ko Kusiri da Fotokol, su ma suna da wannan dama tsakanin manyan kamfanoninsu tun 2017.

Wani abin da ya ƙara sauƙaƙa lamarin a Najeriya shi ne haɗe lambobin hidima da aka yi a 2023. A da kowane kamfani da nasa lambobin duba kuɗi da sa kati, dattijo ya haddace na gidansa da ƙyar, yana tsoron ya koma wani wuri ya zama ɗan koyo. Yanzu *310# na duba kuɗi ne a ko'ina, *311# na sa kati, *312# na sayen data, 300 kuma na kiran ofishin kula da masu hulɗa.

Abin da ba ya bin ka

Nan ne ya kamata a buɗe ido. Lamba ce kawai ke ƙaura, kayan ɗaki ba sa bin ta. Kuɗin kiran da ya rage a tsohon layi, da data, da garaɓasar da aka tara, duk sun tafi. Mu kanmu mun ɗanɗana. Ɗaya daga cikinmu ya sa katin wata guda da safe, da rana zuciya ta ɗebe shi saboda yankewar kira, ya shiga ofishin wani kamfani ya yi ƙaura, da yamma ya duba ya ga babu ko sisi. Ya koma da faɗa, aka nuna masa inda aka rubuta hakan a takardar da ya sa wa hannu bai karanta ba. Bayan haka ya yi kusan kwana biyu saƙon banki bai shigo masa ba, ga shi ya tura yaro karɓar kuɗi yana jiran shaida. Abin ya daidaita da kansa, amma da ya san haka da bai yi ranar jajibirin kasuwa ba. Don haka a cinye abin da ke ciki tukuna, a biya bashin katin da aka ranta don kada ya zama abin jan ƙafa, a kwashe lambobin da ke ajiye a cikin tsohon sim a mayar kan waya, sannan a zaɓi ranar da ba a jiran kowa.

Babbar magana ita ce ta kuɗin da ke cikin waya. Asusun waya iri biyu ne, kuma wajibi ne ɗan kasuwa ya bambance su. Akwai wanda kamfanin layin ne da kansa ke da shi, kamar MTN MoMo da Telecel Cash a Gana, ko Orange Money a Kamaru. Wannan a jikin kamfanin yake, wanda zai tashi sai ya kwashe kuɗinsa kaf kafin ya aika saƙon ƙaura, ya kuma buɗe sabon asusu a inda ya koma. A Gana wannan ba wasa ba ne, domin tun da MTN ya kawo MoMo a 2009 ciniki ya koma kansa, daga mai koko har mai tirelar doya. Ko da yake tun 2018 an haɗa asusun kamfanoni ana iya turawa daga wannan zuwa wancan, har yanzu abokin ciniki yakan fi sakin jiki in ya ji kuna gida ɗaya. Mai sayar da albasa a Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasar Akara a 2021, ya yi lissafi da kyau kafin ya bar kamfanin da kusan duk masu sayen kayansa ke ciki, komai haushin da yake ji.

Iri na biyu shi ne wanda lambar kawai yake amfani da ita, ba ruwansa da kamfani. Asusun OPay da PalmPay a Najeriya, waɗanda lambarsu ita ce lambar wayar mutum in an cire sifilin farko, ba sa motsi don an yi ƙaura. Haka asusun banki da ake sarrafawa da lambobin taurari, haka WhatsApp. Hasali ma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ƙaura ta fi sayen sabon layi: wanda ya sayi sabon layi sai ya bi banki ya canza lamba, ya bi abokan hulɗa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi ƙaura kuwa ba abin da zai taɓa.

Akwai kuma ƙaramin ruɗanin da ke biyo baya. Tunda farkon lamba ya daina nuna gida, yaron da ke sayar da kati ko mai na'urar POS zai ga 0803 ya tura katin MTN alhali lambar ta koma Airtel, kuɗin ya maƙale a hanya a yi ta jeka-ka-dawo. A Gana ma mai turo kuɗi zai ga 024 ya zaɓi kamfanin da bai dace ba. Wanda ya yi ƙaura sai ya saba da faɗin sunan kamfaninsa duk lokacin da ya ba da lamba, musamman ga masu turo masa kuɗi.

Iyakar lamba ita ce iyakar ƙasa

Yanzu ga tambayar da aka fi yi mana a tashoshin Ƙonni da Magama da Kwangwalam: tunda Airtel na Najeriya, Airtel na Nijar, Airtel na Chadi, me zai hana a mayar da lambar Najeriya ta zama ta Nijar? Amsar ita ce ba ya yiwuwa, kuma duk wanda ya ce zai yi maka haka a bayan rumfa kuɗinka yake so. Suna ɗaya ne, uwar kamfani ɗaya ce, amma kowanne lasisinsa daban, hukumar da ke sa masa ido daban, ma'ajiyar lambobinsa daban. Kowace lamba tana ƙarƙashin lambar ƙasarta: 234 Najeriya, 227 Nijar, 233 Gana, 237 Kamaru, 235 Chadi, 229 Benin, 228 Togo. Fatoman da muka ambata a baya, garinsa kawai ya sani.

In ana son a gane cewa a ƙarshe ƙasa ce ke da lamba, a dubi abin da ya faru a Benin. Ranar 30 ga Nuwamban 2024 aka ƙara 01 a gaban kowace lamba, ta tashi daga 8 zuwa 10. Masu sayen kaya a Malanbil da Kwatano sun sha gyaran lambobi a wayoyinsu, waɗanda ba su ji labari ba suka yi ta kira ba ya shiga suna zaton an gudu da kuɗinsu. Kamaru ta yi irin wannan a 2014, ta ƙara 6 a gaban lambobin salula. Ba a nemi shawarar kowa a kasuwa ba.

Abin da ke tsallake iyaka shi ne yawo da layi, wato layinka na gida ya ari turken kamfanin wata ƙasa ya yi aiki a can. Wannan wani abu ne dabam, da nasa farashin. Tsofaffin 'yan kasuwa na tuna daɗin da aka ji a ƙarshen 2007, lokacin da Celtel ya shigar da Najeriya da Nijar da Chadi da Burkina Faso da Sudan cikin tsarinsa na One Network, mutum ya shiga Maraɗi da layin Katsina ya amsa kira kyauta, ya kuma sa katin da ya saya a can. A 2017 ƙungiyar ECOWAS, ko CEDEAO, ta zartar da ƙa'idar cewa matafiyi a cikin ƙasashenta ya amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma yi kira a farashin gida. Aiwatarwa ce ta yi tafiyar hawainiya, sai ƙasashe bibbiyu suka riƙa ƙullawa a tsakaninsu: Gana da Kwaddibuwa a 2023, Gana da Togo da kuma Benin a 2024. Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, bayan da ita da Mali da Burkina Faso suka sa hannu kan tasu yarjejeniyar ta cire kuɗin yawo da layi a tsakaninsu a ƙarshen 2024. Ma'ana, mai fatauci tsakanin Yamai da Wagadugu ya samu sauƙi, mai fatauci tsakanin Damagaram da Kano kuwa sai ya tambayi kamfaninsa farashi da bakinsa kafin ya amsa doguwar waya a tsallake.

Saboda haka in ɗan kasuwar Najeriya zai yi ƙaura da lambarsa, ya sa hanyar fataucinsa cikin lissafi. MTN na Najeriya da Gana da Kamaru da Benin, amma babu shi a Nijar da Chadi. Airtel na Najeriya da Nijar da Chadi. Moov Africa na Nijar da Chadi da Benin da Togo da Burkina Faso, babu shi a Najeriya. Zama 'yan gida ɗaya ba ya tabbatar da rahusa, amma wuri ne na fara tambaya. Sannan wanda ke zaune a bakin iyaka ya shiga saitin wayarsa ya zaɓi kamfaninsa da hannu, ya hana ta zaɓa da kanta. Turken waya bai san shingen kwastan ko na duwan ba. Mutum na kwance a ɗakinsa a Illela wayarsa ta kama turken Ƙonni, a yi ta cirar masa kuɗin baƙo a cikin gidan ubansa, shi kuma yana zagin kamfani yana shirin ƙaura, alhali ko ya koma wani haka za ta sake faruwa.

Mun kuma ga ranar da ƙaura ba ta amfani kowa ba. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya. Umurnin ya hau kan dukkan kamfanoni ne baki ɗaya, babu wanda za a gudu wurinsa. Waɗanda suka samu damar yin magana da duniya a garuruwan bakin iyaka su ne masu layin Nijar a aljihu. Don haka ba mu ce Alhaji ya jefar da wayarsa ta biyu ba. Ta ukun ce muke magana a kanta.

Da sunan wa aka yi rajista?

Duk abin da muka faɗa a sama ya rataya ne a kan wannan tambaya, kuma a nan ne muka fi ganin mutanenmu na faɗuwa. Ba a yi wa mutum ƙaura sai bayanansa sun dace da abin da ke rubuce a kan layin. To layuka nawa ne a kasuwanninmu aka yi rajistarsu da sunan mai amfani da su? Wani yaron shago ya aika ya yi masa, yaron ya daɗe da barin aiki. Wani ya sayi layin da an riga an yi wa rajista a bakin tasha. Wani na mahaifinsa ne da ya rasu, ya gaji shagon ya gaji lambar. Ɗan Nijar mai saro kaya a Kano kuma, da aka matsa a kan NIN, sai ya roƙi mai masaukinsa ya haɗa layin da tasa. Ranar da wayar ta faɗi ko aka sace, ba ƙaura kaɗai ba, ko welkam bak ba za a yi masa ba sai da mai sunan a tsaye. In zumunci ya yi tsami kuwa, a idon kamfani mai sunan shi ne mai layi, kuma duk saƙon banki da ke shigowa nasa ne ya gani.

Gwamnatoci sun nuna ba da wasa suke ba. A Najeriya an fara tilasta haɗa layi da NIN a Disamban 2020, har aka dakatar da sayar da sabon layi da ƙaura zuwa Afrilun 2021, aka toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba a Afrilun 2022, aka rufe ƙofa a Satumban 2024. A Gana an fara sabuwar rajista da katin ɗan ƙasa a Oktoban 2021, aka katse waɗanda ba su yi ba a 2023. Shawararmu ita ce tun ana ga maciji da juna lafiya, a ɗauki mai sunan a je ofishin kamfani a mayar da layin kan sunan mai shi na gaskiya. In na mamaci ne a nemi takardun da ofishin zai buƙata a gama da shi. Yini ɗaya ne a layi, ya fi asarar lambar shekara 20.

Haka kuma kada a miƙa wa baƙo waya da sunan zai taya a duba wani abu. Saƙon nan na PORT daƙiƙa kaɗan yake ɗauka, kuma lambobin sirri da ke shigowa ta saƙo su ne makullin asusu. Wanda ya ga layinsa ya ɗauke haka kawai a inda ya saba samun sabis, alhali na maƙwabcinsa mai kamfani ɗaya yana aiki, kada ya jira gobe, ya nemi banki a toshe asusu tukuna, sannan ya nufi ofishin kamfani.

Sai maganar layin da aka bari ya yi barci. Fatake da yawa kan tafi Gana ko Chadi ko Sudan su yi watanni, layin gida na cikin jaka. A ƙa'idar Najeriya layin da ya yi wata 6 ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu 6 a haka kamfani na da ikon sayar da lambar ga wani. Sabon mai ita zai riƙa amsa kiran abokan cinikinka, wataƙila har saƙon bankinka. Masu amfani da WhatsApp na lambar Najeriya a kan datar layin Nijar, dabarar da ta zama ruwan dare a yanzu, su lura da wannan sosai: ranar da aka canza waya, lambar tabbatarwa tsohon layin za a aika wa, in ya mutu ko ya koma hannun wani, shi ke nan an yi sallama da duk rukunonin ciniki da ke ciki. Ɗan katin Naira 100 lokaci-lokaci da kira guda ya isa ya raya shi.

Alƙaluman NCC na nuna cewa a ƙasar da layukan da ke aiki suka haura miliyan 150, masu ƙaura a wata ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma a 2024 mafi yawan masu fita daga 9mobile suke fitowa. Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne, wayoyin Tecno da itel masu cin layi biyu sun sa mutane sun gwammace su ƙara layi da su bar wani. Amma tun da hukumar ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ciyar da layi uku ya fara yi wa masu ƙaramin jari nauyi, kuma farashin kamfanonin ya yi kusa da juna ta yadda bambancin da ya rage shi ne wa ke da sabis a inda kake.

Wannan kuwa ba a talla ake gane shi ba. Kafin Alhaji ya ɗauki tsohuwar lambarsa ya kai wani gida, ya ari layin wannan kamfani ko ya sayi na gwaji, ya yi mako biyu yana yawo da shi: cikin rumfa ranar kasuwa lokacin da dubban mutane suka hau turke ɗaya, cikin sito, a gida da dare bayan an ɗauke wuta, a kan hanya daga Sakkwato zuwa Illela ko daga Gumel zuwa Maigatari, da kuma ƙauyen da yake sayen kaya. Ya tambayi direbobin hanyar, don su suka san kowane lungun da sabis ke faɗuwa. In na gwajin ya ci jarrabawa, sai ya cinye katinsa, ya kwashe kuɗin asusu, ya ɗauki katin shaidarsa ya tafi ofis washegarin kasuwa da sassafe, ta yadda ko aikin ya ci awa 48 ɗinsa cif, layin zai dawo da sauran kwanaki kafin motocin kasuwa mai zuwa su fara lodi.